Shekarar da Aka Shiga Kogo da Garma

Ɗan ƙaramin abu ne fari, bai kai ƙwayar wake ba, da huda a tsakiyarsa. Yana kwance a saman baƙar ƙasar da ke cikin darona, rana ta faɗa masa daidai lokacin da na fito daga bakin kogo na sauke kaya don in gyara gammo. Na ɗauka, na hura, na goge da bakin zane. Dutsen wuya ne, irin wanda ake zura wa zare, sai dai ban taɓa ganin irinsa a wuyan kowa ba. A lokacin shekaruna ba su kai ashirin ba, kaina kuma cike yake da ƙananan littattafan soyayya da nake saye a kasuwar Kafanchan. Don haka abin da ya fara zo min shi ne, wani saurayi ne ya huda shi don wata. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya kai shi ƙarƙashin ƙasar kogo ba.

Bana ce ta dawo min da shi. Ruwa ya sauka sau uku, kowa ya yi shuka, sai sama ta bushe ta yi fari fat. Masarar da ke bayan gidana ta nannaɗe ganye. Da rana hadari yakan taso daga wajen tsaunuka, ya yi cida, ya tsaya yana kallonmu, sannan ya watse. Rabon da in ga irin wannan sama tun waccan shekarar. Jiya na buɗe tsohon gwangwanin da nake ajiye allura, na tarar da ɗan farin abin yana nan.

Ƙauyenmu yana gindin tsauni, tafiyar rabin wuni daga Kafanchan a ƙafa. A gefen tsaunin akwai kogo. Bakinsa yana da faɗi, mutum goma za su shiga a jere, amma can ciki yana tsukewa, kuma a wannan wuyan akwai wani ƙaton dutse da ya jingina da bango, rabinsa a binne. Ƙyaure muke ce masa. Jemagu ne ke kwana a rufin kogon, ba sa ƙirguwa. Kowace shekara, in bazara ta yi nisa, mata sukan hau su share kashinsu su kawo gona. Babu takin da ya kai shi. Kakata, uwar babana, ita ke shige mana gaba, kuma dokarta ɗaya ce.

"Tsintsiya kawai," in ji ta. "Abin da jemage ya zubar namu ne. Abin da ke ƙasa na masu ɗaki ne."

Na taɓa tambayarta, "Kaka, su wane ne masu ɗaki?"

"Na sani? A kwance na tarar da su. Yi shara, Rifkatu, ki bar surutu."

Waccan shekarar ita ce ta uku da Ishaku yake noman surukai a gonar babana, kuma ita ce ta ƙarshe. A wurinmu saurayi ba ya ɗaukar yarinya sai ya zo da garmarsa da abokansa ya yi wa ubanta huɗa, damina bayan damina. Ishaku dogo ne, baƙi, da wushirya, in ya yi dariya sai ya rufe ido ɗaya. Ni kuwa duk jarumin da na karanta a littafi, fuskarsa nake ɗora masa. Bai yi nisa a makaranta ba. Malama yake kirana, don ya san an ba ni gurbi a kolejin horon malamai a Gidan Waya.

Baba dattijon ikilisiya ne, ba ya magana biyu. Tun farkon shekara ya ce, "In rumbu ya cika, a yi biki bayan girbi. In bai cika ba, ba zan tara mutane a kan yunwa ba. Rifkatu ta tafi makarantarta, a sake magana in ta gama."

Duk mun san abin da wannan ke nufi. 'Yan matan da suka tafi koleji ba da manomi suke dawowa ba.

Mun yi sharar kogo a lokacinta, muka zuba takin, ruwan fari ya sauka da ƙamshinsa. Aka shuka masara da dauro, aka binne citta aka rufe ta da ganye. Ishaku da abokansa suka yi huɗa suna waƙa, ni ina kai musu kunu. Tsiro ya fito kore shar. Daga nan ruwan ya ɗauke.

Mako na farko ba wanda ya damu. Na biyu aka fara duban sama. A na uku Zumuntar Mata suka fara taruwa a majami'a da sassafe suna addu'a, muna jin muryoyinsu daga rafi, rafin da ya koma yashi da ɗan ruwa kore a ramuka. Zafin ba irin na bazara ba ne, mai nauyi ne, kamar an rufa wa gari bargo. Ƙasa ta tsage, ganyen da muka rufe citta da shi ya bushe yana ƙara in ƙadangare ya bi ta kai. Masara ta yi rawaya, ta sunkuya, ta kwanta.

A gida, Mama ta daina shiga rumbu da daro, ta koma shiga da ƙwarya. Tuwo ya zama fate, fate ya zama ruwa da yakuwa da 'yan ƙwayoyin acca suna yawo. Da safe mu sha garin ɗorawa har haƙoranmu su yi rawaya. Muka tono gwazar da aka bari don iri, Mama tana tonowa tana roƙon Ubangiji gafara. Na tuna yadda cikina yake yin shiru da tsakar rana, ya daina ko kuka, sai kunnena ya ɗauki wata ƙara siririya. A haka nake kwanciya a inuwar mangwaro da littafi a kan fuska, ina karanta yadda ake cin kaza a gidajen masu kuɗi.

Kowa ya san in ruwa ya dawo sai an sake shuka, kuma shuka ta biyu ba ta da lokaci. Sai ƙasa mai ƙarfi ce za ta tura ta ta nuna kafin damina ta wuce. Gonar Baba ta gaji. Takin zamani bai iso mu ba a shekarar, na kogo kuma mun riga mun zuba wa shukar da ta mutu.

Wata ranar Lahadi bayan sujada Ishaku ya raka ni har gindin mangwaro. Ni ce na yi magana, kuma har yau ina jin muryata.

"A littafin da nake karantawa," na ce, "da aka hana saurayin yarinyar, dutse ya fasa da hannunsa."

Ya dube ni, bai rufe ido ɗaya ba. "Malama, wannan na takarda ne. Shi ba ya jin yunwa."

"To shi ke nan. Sai ka zo Gidan Waya ka riƙa gaishe ni ta waya."

Wasa nake yi. Ko kuma rabi wasa. Washegari da hantsi ya shigo gidanmu da garma a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ƙasar da ke ƙarƙashin kashin jemage baƙa ce wuluk, shekara da shekaru tana shan taki, zai je ya haƙo.

Kaka tana zaune tana tsinke yakuwa. Ta ce, "Ba a kai ƙarfe can."

"Kaka, ai dodo ya gudu tun da aka gina majami'a."

"Wa ya yi maka maganar dodo? Na yi baftisma kafin a haifi ubanka, mara kunya. Na ce maka ba a kai ƙarfe."

"Don me?"

"Ba a gaya min don me ba. Ni ma ban tambaya ba, shi ya sa na tsufa."

Ishaku ya juya ga Baba. Baba ya dubi rumbu, sannan ya ce, "Suruki, ban aike ka ba, ban kuma hana ka ba."

Haka muka fara. Shi yana haƙa, ni ina ɗauka. Cikin kogon da sanyi, da wani wari mai hawa ka, ga tsuwar jemagu a sama. Saran farko da garma ta yi, duk suka yi tsit. Ƙasar tana da laushi kamar gari, kuma hawa-hawa take: baƙa, sai fara kamar toka, sai ja, sai baƙa kuma. A ciki akwai gawayi, da ƙananan ƙasusuwa da suka ƙone, da tsakuwoyi masu baki kamar reza. Ɗaya ta yanke ni a yatsa ban ji ba sai da na ga jini. A rana ta biyu na tsinci farin dutsen wuyan. Na koma ciki da gudu na nuna masa.

"Ka gani? Wata ta taɓa zama a nan, ana sonta."

Ya juya shi a tafin hannu. "To ina take?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya mayar min, ya ce in ɓoye kada Kaka ta gani.

Da mutane suka ga tulin baƙar ƙasa a gonar Baba, sai kunya ta kau. Yunwa ba ta bar wa kowa dokar tsofaffi ba. Kafin mako ya cika, hanyar tsauni ta zama kamar hanyar kasuwa, maza da garma, mata da daro da kwando, muna hawa muna sauka a cikin ranar nan. Ana raha ma. Wata takan ce, "Rifkatu, ɗauki da yawa, sadakinki ne a kanki." Gaban kogon ya rame, ya zama rami har ƙirjin mutum. Da ƙasar gaba ta ƙare, sai aka matsa ciki, inda ta fi baƙi, wato gindin Ƙyaure.

Kaka ta daina cin abinci tare da mu. Takan ɗauki ƙwaryarta ta juya wa tsauni baya.

Jemagu suka fara fita da rana tsaka. Ban taɓa ganin haka ba. Su fito a ruɗe, su yi ta kewaya bakin kogon, wasu su faɗo ƙasa suna jan fiffike, shaho yana ɗauka. Bayan kwana biyu rufin ya zama wayam. Kogon ya yi shiru, har kana jin numfashin wanda ke gefenka. Mutane suka ce ƙurar haƙa ce ta kore su, za su dawo.

Akwai abin da ni kaɗai na gani. Ina durƙushe ina cika daro a gindin Ƙyaure, sai na ji wani abu yana zubo min a wuya. Yashi ne, siriri kamar zare, yana tsiyayowa daga inda dutsen ya haɗu da bango. Ya zubo, ya tsaya, ya sake zubowa. Na ɗaga kai na ga wata tsaga da zan rantse jiya babu ita. Ishaku yana bayana yana sara. Na buɗe baki. Sai na tuna saura kunya goma sha a ƙarshen gona ba su sami taki ba, na tuna farar rigar amarya da na riga na zana a bayan littafina. Na karkaɗe wuyana, na ɗauki daro na fita.

Kwana biyu ina ganin yashin nan. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar da ruwa ya dawo, tun da safe iska ta canja. Ta zo da sanyi da ƙamshin ƙasa daga nesa. Wajen azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, irin baƙin da ba ya watsewa. Mutane suka yar da aiki suka gangara da gudu, mata suna guɗa, kowa zai fitar da tukwane ya nemo iri. Muka rage mu biyu.

"Mu tafi," na ce.

"Daro ɗaya, Malama. In ruwa ya shiga ramin nan shi ke nan. Kai wannan ki dawo, kafin nan na tara na ƙarshe."

Ina tsakiyar gangara ruwan ya kece. Ban taɓa jin daɗin ruwa kamar na ranar ba. Na tsaya da kaya a kai, na buɗe baki ina sha, baƙar ƙasa tana narkewa tana bi min ta fuska. Daga ƙasa ina jin ana buga ƙararrawar majami'a. Tsaunin gaba ɗaya ya zama rafuka, ruwa yana bin kowace tsaga yana shiga. Sai na ji ƙarar. Ba tsawa ba ce, don ta ƙafata na ji ta, ba ta kunne ba. Gajeriya ce, kamar an sauke ƙaton turmi.

Na yar da daron na koma sama da rarrafe. Ƙyaure ya zame ya faɗa ramin da aka haƙa a gindinsa, ya toshe wuyan kogon ruf. Ishaku yana kwance ta wajenmu, a cikin jan ruwa, ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa tana ƙarƙashin dutsen. Idonsa biyu. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Rifkatu, je ki kira maza." Ranar ce kaɗai ya taɓa kiran sunana.

Sai da yamma aka fitar da shi, da itatuwa da duwatsu da hannun duk namijin da ke ƙauyen. Aka ɗora shi a kan ƙofar katako aka kai bakin titi. A asibiti aka ceci ransa, ƙafar kuwa ba ta dawo da shi gida ba.

Muka yi shuka ta biyu. Ban taɓa ganin masara irin ta shekarar ba, kore har tana baƙi, goyo biyu-biyu. Rumbu ya cika, aka gina ƙarami a gefensa. Kaka ba ta ci ko ƙwaya ɗaya ba, gwaza da ganye ta yi ta ci har sabuwar shekara. Baba ya tafi gidan su Ishaku da kansa, ya ce magana tana nan, rumbu ya cika, a sa rana. Ishaku ya ce a yi masa godiya, amma shi ya janye. Ni ma na je. Na same shi a zaure da sanduna biyu a jingine, na durƙusa na gaya masa maganar yashin, duka, ina kuka.

Ya ce, "Na gani ni ma. A kaina yake zuba."

"To me ya sa ba ka fita ba?"

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba?" Ya ɗan yi murmushi. "Tafi makaranta, Malama. Mai ƙafa ɗaya ba ya riƙe garma, ni kuma ba zan zauna mace tana noma min ba."

A littattafaina yarinyar takan ƙi tashi. Ni na tashi. Na yi koleji, na auri wani ma'aikaci mai haƙuri, na koyar har na yi ritaya.

Shekaru da yawa bayan haka, Kaka da Baba duk sun rasu, na ji wai mutanen jami'a sun zo suna aiki a kogonmu. Na je gani. Sun sami wata kafa ta gefe sun shiga bayan Ƙyaure. Sun ja zare sun raba ƙasa gida-gida, suna durƙushe, kowa da ɗan burushi a hannu, suna shara a hankali kamar masu share fuskar jariri. Na tsaya ina kallon burushin nan, muryar Kaka tana kunnena.

Shugabarsu wata malama ce mai furfura. Ta nuna min tsakuwoyin nan masu baki, ta ce wuƙaƙe ne da kan mashi, hannu ne ya fasa su. Ta ce mutane ne irinmu sak, da fuska irin tamu, suka hura wuta a nan tun ba a san ƙarfe ba, tun ba a san noma ba. Yawan shekarun da ta faɗa kaina bai iya riƙe shi ba. Ta ce dutsen da ya faɗi shi ya tsare na ciki, amma na gaba an kwashe, kuma kowane hawa na ƙasar nan shafi ne. Na gane. Na sha sayen tsohon littafi in kai gida in tarar an yage ƙarshensa.

A bakin kogon, a kan kujera 'yar tsugunno, wani tsoho yana girgiza rariya yana tsince abin da ya rage. Ya ɗago, ya rufe ido ɗaya.

"Malama. Kin zo duba aikinmu?"

Shi ne ya nuna musu hanya, shi ya gaya musu yadda hawa-hawan gaba suke kafin a haƙe, baƙa, fara, ja, bai manta ko ɗaya ba. Da suka tafi, shi suka bar wa gadin wurin. A ranar ya tambaye ni ko farin abin yana nan. Na ce yana nan. Na jira ya ce in dawo da shi. Ya ce, "Riƙe. Ai ke aka huda wa."

Ban sake ganinsa ba. Damina biyu ke nan da ya rasu, bai taɓa aure ba. A wurin jana'iza ƙanwarsa ta gaya min abin da ban sani ba. Tun kafin zuwan mutanen jami'a, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, yakan ɗauki sandunansa ya bi kunyoyin tsohuwar gonar Baba, yana tsince tsakuwoyin da ruwa ya wanko. In sun cika jaka sai ya rataya a wuya ya hau tsauni, hawan da ke cin masa rabin wuni, ya zuba su a ramin da ya haƙa. Malamar ta gaya masa ba su da sauran amfani, tunda sun bar inda suke kwance ba za a iya sanin komai daga gare su ba. Ya ce ya ji, amma ba don ita yake kaiwa ba.

A ɗakinsa an tarar da jaka ɗaya da ta kai rabi, a rataye a bayan ƙofa, tana jiran ruwa na gaba.